Tsakanin "An Ruwaito" da "Na Yi Imani"

Rigimar hadisi ta sake tashi, kamar yadda take tashi duk bayan 'yan watanni tun daga muƙabalar da aka yi a Kano ranar 10 ga Yuli, 2021, tsakanin Abduljabbar Nasiru Kabara da malamai. Ɓangare uku nake gani a fili. Akwai masu cewa su Alƙur'ani zalla suka sani, hadisi kuwa labarin wane ya ce wane ya ce ne kawai. Akwai masu mayar musu da martani cewa isnadi ya inganta, magana ta ƙare. Sai kuma wasu samari, yawancinsu sun yi jami'a, da ke gefe suna dariya ƙasa-ƙasa, suna cewa ai duk kanwar ja ce: ta yaya mai hankali zai ɗora rayuwarsa a kan labarin abin da ya faru shekara 1400 da suka wuce? Waɗannan na ukun ba a cika amsa musu ba sai da zagi, alhali tambayarsu ce ta fi nauyi.

Ni Musulmi ne, ba malami ba, ma'aikacin gwamnati ne mai ɗan karance-karance. Abin da na fahimta shi ne, shaidar tarihi tana da aikin da take yi, kuma tana yin sa da kyau, amma akwai inda ƙafarta take tsayawa. Malamanmu na farko sun riga kowa faɗin haka, mu ne dai muka manta.

Duk wanda ya yi aikin ofis ya san gwamnati a kan shaida take tafiya. Mutum zai je kotu ya rantse cewa an haife shi a shekara kaza, a buga hatimi, takarda ta shiga fayil. Jami'in farko ya sa hannu, na biyu ya dogara da na farko, na uku ya dogara da na biyu. Bayan shekara talatin ka ɗauko fayil ɗin tsaf, babu sa hannun bogi ko ɗaya, babu shafin da ya ɓata, amma mai fayil ɗin ga furfura har gira, jikokinsa sun fara aure, takarda kuma ta ce saura shekara takwas ya yi ritaya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin masu sa hannun. Ƙaryar tana shafin farko. Ingancin silsila yana tabbatar maka cewa ba a canja takarda a hanya ba. Abin da aka rubuta tun farko kuma wata tambaya ce daban. Malaman hadisi ba su jahilci wannan ba, shi ya sa ba su tsaya a haɗuwar isnadi da gaskiyar maruwaici da ƙarfin haddarsa ba, suka ƙara sharaɗin kada ruwayar ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi, kuma kada a samu ɓoyayyar illa a cikinta.

To, bari in fara da samarin nan masu dariya. Ɗan'uwa, idan ka ce ba ka karɓar labari sai abin da idonka ya gani, ka faɗa mini ranar haihuwarka daga ina ka samo ta. Cewa sojojin Turawa sun ci Kano a 1903, kana wurin? Maganin da likita ya rubuta maka, kai ka gwada shi a ɗakin bincike? Mafi yawan abin da kowannenmu ya sani, wani ne ya faɗa masa. Don haka maganar ba a kan karɓar shaida ko ƙin ta take ba, a kan wace iri ce kuma me za ta iya ɗauka.

Masu ilimi a cikinsu sun san haka, kuma hujjar da suke riƙe da ita ta fi wannan ƙarfi. Ta wani masanin falsafa ce ɗan Sikotilan, David Hume, a wani babi da ya rubuta kan mu'ujiza a littafinsa na 1748. A taƙaice ya ce: idan aka kawo maka labarin abin da ya saɓa wa yadda duniya ta saba tafiya, ka ɗora abu biyu a sikeli. Wanne ya fi sauƙin faruwa, a ce matacce ya tashi, ko a ce mai ba da labarin ya ruɗu, ko an ruɗe shi, ko ya yi ƙarya? Ƙarya da ruɗu kullum muna ganin su, matacce kuwa ba mu taɓa ganin ya tashi ba, saboda haka sikeli kullum zai rinjaya gefen shakka. Ya ƙara da cewa kowane addini yana da nasa labaran mu'ujiza da nasa shaidun, kuma tunda addinan sun saɓa wa juna, shaidun suna rushe juna.

Kada mu yi saurin cewa maganar kafiri ce mu wuce. Wanda ya rayu a ƙasar nan a watan Agustan 2014 ya ga rabin gaskiyar Hume da idonsa. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kariya daga Ebola, iyaye suna tayar da 'ya'yansu kafin asuba, kowa ka tambaya ya ce "ai kowa ya faɗa", har aka samu waɗanda suka rasa rai. Miliyoyin bakuna, amma in ka bi sawu, tushen bai taka kara ya karya ba. Haka aka yi ta rantsuwa cewa Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, har sai da shi kansa ya fito a ƙarshen 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba. Kuma a zamanin kyamara a aljihun kowa fa ke nan.

Sikelin nan ma ba Hume ne ya fara ɗaukar sa ba. Taƙiyuddin as-Subki, babban malamin Shafi'iyya na Masar da ya rasu a 756 bayan hijira, ya yi fatawa cewa idan lissafin falaki ya tabbatar wata ba zai yiwu a gan shi ba, sai wasu suka zo suka ce sun gani, to a mayar da shaidarsu, domin sun yi kuskure ko sun yi ƙarya. Malamai da yawa ba su bi shi a kan haka ba, amma duk wanda ya san yadda ake kai ruwa rana a daren duban watan azumi kafin fadar Sarkin Musulmi ta yi sanarwa ya san maganar tana nan da ranta. Ibn Khaldun ma a farkon Muƙaddimarsa ya caccaki marubuta tarihi da suke kwaso labari ba tare da auna ko zai yiwu ba, ya ba da misali da masu cewa rundunar Bani Isra'ila ta kai mutum 600,000, ya tambaya wace ƙasa ce za ta ɗauke su, wane fili za su jeru.

Inda Hume ya gaza a ganina shi ne nan. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano. Ka ɗauka wani dattijo ne a ƙauye mai nisa, fatake suka dawo suka ce masa sun ga ƙarfe yana tashi sama da mutane a ciki. A sikelin Hume, dattijon nan ya yi daidai in ya ce ƙarya suke, domin ya sha ganin fatake suna shara ta, bai taɓa ganin ƙarfe ya tashi ba. Amma su suke da gaskiya. "Abin da aka saba" iyakarsa iyakar abin da kai ka sani ne. Sannan akwai abin da ya fi wannan: nauyin da ka ɗora a gefen "ba zai yiwu ba" ya dogara ne da abin da ka riga ka yanke kafin ka ji labarin. Idan ka riga ka yanke cewa babu Mahalicci, shaidu dubu ba za su motsa ka ba. Idan ka yarda akwai wanda ya kafa tsarin nan, to ya karya shi sau ɗaya don ya gaskata manzonsa ba abin mamaki ba ne sosai. Ashe gardamar tamu da samarin nan ba ta tarihi ba ce tun asali. Tun kafin a buɗe Bukhari aka raba hanya.

Masu Alƙur'ani zalla kuwa, abin nasu ya fi ɗaure mini kai. Mus'hafin da ke hannunka, daga sama ya faɗo maka? Wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa ruwayar Warshu ya karanta, daga Nafi'u. Wanda ya yi Islamiyya ta zamani yawanci Hafsu ya karanta, daga Asimu. Sunayen mutane ne waɗannan, maruwaita, kuma al'ummar da ta miƙo maka karatunsu ita ce ta miƙo maka cewa Magariba raka'a uku ce. Kana iya cewa darajar ruwayoyin ba ɗaya ba ce, kuma ka yi gaskiya: Alƙur'ani jama'a ne suka karɓa daga jama'a, mafi yawan hadisai kuwa ta hannun mutum ɗaya ko biyu ko uku suka biyo, shi ya sa malaman usulu suka raba mutawatiri da ahadi, kuma mafi yawansu suka ce ahadi rinjayen zato yake bayarwa, ana aiki da shi amma bai kai yaƙinin na farko ba. Wannan magana ce ta ilimi da za a zauna a kanta. Amma ka ce ba ka karɓar "wane ya ce" gaba ɗaya, ka sare reshen da kake zaune a kai.

A ɓangaren adana saƙo kam, tarihi ya yi mana adalci fiye da yadda wasu suke zato. A 2015 Jami'ar Birmingham a Ingila ta sanar da sakamakon gwajin wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da ke ɗauke da sassan surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha: fatar da aka yi rubutun a kai ta fito ne tsakanin shekarar 568 da 645. Shekarun fatar aka auna ba na tawada ba, amma duk da haka abin ya kai kusa ƙwarai. A hadisi, Ignaz Goldziher a 1890 da Joseph Schacht a 1950 sun yi da'awar cewa mafi yawansa daga baya aka ƙirƙira aka jingina wa na farko. Schacht ɗin nan, af, ya zo Arewacin Najeriya a 1950 ɗin ya duba yadda alƙalanmu suke shari'a. Daga baya Muhammad Mustafa al-A'azami ya bi hujjojinsa ya nuna an rubuta hadisi tun da wuri, wani Bajamushe kuma, Harald Motzki, ya bi Musannaf na Abdurrazzaƙ ruwaya-ruwaya ya nuna da yawa daga cikinta tana komawa ƙarni na farko. Har yau ana muhawara, amma maganar "duk ƙirƙira ce" ta yi rauni ko a jami'o'in Turai.

Sai dai ku lura da abin da duk wannan ya tabbatar. Ya tabbatar cewa littafin tsoho ne, cewa wani mutum mai suna Muhammadu (SAW) ya karanta shi ga mutanensa ya ce daga Allah yake, cewa ya iso mana yadda aka karɓa. Babu na'urar da za ta auna fata ta ce maka "daga Allah". Kuma ba ni na faɗa ba. Imam Gazali, a cikin al-Mustasfa, da yake jero sharuɗɗan labari mutawatiri, ya sa sharaɗin cewa dole abin da ake ba da labarinsa ya zama wanda aka gani ko aka ji da gaɓɓai. Ya ba da misali da cewa da mutanen Bagadaza duka za su taru su gaya maka duniya fararriya ce, ko wani annabi mai gaskiya ne, taruwarsu ba za ta ba ka ilimin haka ba, domin wannan ba abin gani da ido ba ne, abin nazari ne. Ku sake karanta wannan. Hujjatul Islam ne yake cewa yawan masu shaida ba ya tabbatar da annabci. Suna iya shaidar cewa ya yi da'awa, ya faɗi kaza, an ga kaza a hannunsa. Hukuncin cewa gaskiya ya faɗa, wannan aikin hankalinka ne da zuciyarka. Fiye da shekara 600 bayan haka, a 1777, wani Bajamushe Gotthold Lessing ya faɗi kusan irin wannan game da addininsa na Kirista, ya kwatanta abin da wani rami mai faɗi tsakanin labarin tarihi da gaskiyar addini wanda ya kasa tsallakewa. Turawa suna ta yayata ramin Lessing, mu kuma muna da namu bayanin a littafin usulu muna barin sa yana shan ƙura.

Akwai wani sharaɗin kuma, cewa yawan ya kasance a kowane mataki, farko da tsakiya da ƙarshe. Babu Bahaushen da bai san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu ba, rijiyar ma tana nan a Daura ana zuwa kallo. Shahara ce wannan, amma ba tawaturi ba, domin in ka bi ta baya ba za ka iske taron da suka ce "mun gani" ba.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, wanda ba ma son taɓawa. Ina aiki da Kiristoci, muna cin abinci tare, wani lokacin hira takan kai mu can. Shi ma abokin aikina yana da shaidunsa. Zai ce maka Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, wadda aka rubuta shekara ashirin da 'yan kai bayan abin, ya ambaci mutum fiye da 500 da suka ga Almasihu bayan tashinsa. Zai ce maka Tacitus, marubucin tarihin Rumawa wanda ba Kirista ba ne kuma ba ya ƙaunarsu, ya rubuta cewa an kashe shi a zamanin Bilatus. Kusan duk masana tarihi na jami'a, masu addini da marasa shi, suna ɗaukar gicciyewar a matsayin abin da ya faru. Ni kuma na yi imani ba a gicciye Annabi Isa (AS) ba. Da me na ƙi? Ba da wata tsohuwar takarda da ta fi tasu ba. Na ƙi ne saboda Alƙur'ani ya kore, kuma na riga na gaskata Alƙur'ani. Wato imanina ne ya yi wa tarihi hukunci a nan, ba tarihi ne ya haifar da imanin ba. Gara in faɗi haka a sarari da in riƙa yi kamar sikeli ɗaya nake amfani da shi alhali biyu ne a aljihuna.

Fakhruddin ar-Razi bai ɓoye wannan matsalar ba. A tafsirinsa, da ya zo kan ayoyin, shi da kansa ya kawo ƙalubalen: idan zai yiwu a jefa kamannin wani a kan wani har taro su ruɗu, to me ya rage na dogaro da abin da ido ya gani, kuma me ya rage na tawaturi, wanda da shi muke tabbatar da labarin annabawa? Ya kawo amsoshi, daga ciki har da cewa labarin a matakin farko ga mutane kaɗan yake komawa. Ko amsar ta gamsar da kai ko ba ta gamsar ba, abin da ya burge ni shi ne malami na ƙarni na shida ya rubuta hujjar abokin gardamarsa da ƙarfinta a cikin tafsiri, bai ji tsoro ba. Yau yaro ya yi rabin wannan tambayar a aji, sai a fara tambayar ɗan gidan waye.

Wannan shi ne abin da yake damuna a zahiri. Mai zagi daban, mai tambaya daban, kuma ba na kare zagi. Amma mun haɗa su a buhu ɗaya. An yanke wa Mubarak Bala ɗaurin shekara 24 a Kano a 2022, ba zan shiga maganar kotu ba, sai dai tambayoyin da ke yawo a kawunan samari ba su shiga kurkuku tare da shi ba. Suna nan a wayoyin ƙannenmu da 'ya'yanmu, da Turanci mai daɗi, su kuma sun koyi yin shiru a gabanmu. Idan muka ce wa yaro imaninsa gaba ɗaya a kan isnadi yake tsaye, ranar da ya ci karo da ruwaya ɗaya da ta ɗaure masa kai, ko ya ji malamai biyu sun saɓa a kan maruwaici ɗaya, sai ginin duka ya girgiza. Mu muka ɗora wa isnadi kayan da ba nasa ba.

To in ba tarihi kaɗai ba, sai me? Gazalin dai, a al-Munƙiz, ya ba da hanyar da ni ta fi kwanta mini. Ya ce in ka san wani abu na fiƙihu, kana karanta Shafi'i za ka gane masanin fiƙihu ne ba sai an rantse maka ba. In ka san likitanci, haka za ka gane Jalinusu likita ne. Haka annabci: ka karanta abin da ya zo da shi, ka duba halinsa, ka gwada abin da ya ce a kan ibada da gyaran zuciya ka ga ko haka ne. Har ya yi gargaɗi kada mutum ya rataya yaƙininsa a kan sanda ta zama maciji kaɗai, domin wanda ya yi imani don abin mamaki, wani abin mamakin zai iya kwashe shi. Mu'ujiza ta zama ɗaya daga cikin alamomi masu yawa. A nan tarihi yana da babban aiki, domin shi ne ya kawo maka littafin da halin mutumin har ka samu abin dubawa. Na san abokin aikina zai ce shi ma ya gwada nasa ya samu natsuwa, kuma ba ni da ma'aunin da zan shiga zuciyarsa da shi. Wannan hanyar ba ta ba ni sandar dukan kowa ba. Ta dai ba ni dalilin da zan iya tsayawa a kai in faɗa ba kunya.

Mutanen Makka ba su buƙaci isnadi ba. Babu Bukhari tsakaninsu da shi, babu maruwaici, ido da ido ne, sun san shi shekara arba'in kafin ya ce komai. Abubakar ya gani, Abu Jahil ma ya gani. A farkon Sahihul Bukhari akwai labarin Hiraƙla, sarkin Rum, da ya sa aka kawo masa Abu Sufyan lokacin yana fatauci a Sham, yana kuma kan gaba da Musulmi. Tambayoyin da ya yi masa irin na mai binciken fayil ne: danginsa, ko an taɓa kama shi da ƙarya kafin wannan da'awa, ko a kakanninsa akwai sarki da zai sa ya nemi mulki, su wa suke bin sa, ƙaruwa suke ko raguwa, yana saɓa alkawari, me yake umarni da shi. Ya ajiye abokan tafiyarsa a bayansa don su ƙaryata shi in ya kauce. Shaida daga bakin maƙiyi, a gaban masu sa ido, da wuya a samu wadda ta fi ta tsabta. Hiraƙla ya auna, ya ce in haka ne mutumin nan zai mallaki inda yake tsaye. Da ya ga manyan fadarsa sun harzuƙa, ya riƙe mulkinsa, bai bi ba. Abu Sufyan kuma, wanda shaidar ta fito daga bakinsa, ya kama hanyar Makka da addininsa na da, bai musulunta ba sai a shekara ta 8, da runduna ta iso bakin gari.